Na Uku Ba Ya Sakin Linzami

Yammacin da abin ya fara a gidan Dafadar Karam Ilahi, tsohon sajan na sojan doki, bai bambanta da na jiya ba. Ɓaunaye sun dawo daga rafi da taɓo har gadon baya, hayaƙin kashin shanu ya kwanta a kan ƙauyen, mata sun kewaye tanderu suna tafa gurasa. Tsohon yana zaune kan gadon igiya a gindin darbejiya, bakin hukka, tukunyar shan tabarsa, a hannunsa, yana kallon bargar gidan, wadda ranar ta cika kwana tara babu doki a cikinta.

Ƙauyenmu lamba gare shi, ba suna ba, kamar sauran ƙauyukan da Turawa suka yanka a bakin rafin da suka haƙa ta wajen Okara. Tsofaffin sojan doki aka raba wa gonakin, bisa sharaɗin kowa ya riƙe goɗiya tana haifa wa soja dawakai. Sharaɗin ya mutu, Turawan ma sun tattara nasu ya nasu, amma Dafadar bai taɓa barin turkensa babu goɗiya ba. Sai a shekarar nan ɗansa Muzaffar ya fi ƙarfinsa, ya sayar da ta ƙarshe, don yana so ya rushe bargar ya kafa injin ban-ruwa a wurin.

Labarin rundunar Dafadar kuwa ko ɗan goye a garinmu ya haddace shi, don ba a zama shan hukka da shi a tashi ba a sha labarin ba. Rejimanti uku aka haɗa suka zama runduna guda, aka zuba su a jirgin ruwa a Karaci da dawakai da dogayen masu, sai Faransa. A can aka sauke su daga sirdi aka cusa su ramuka, shekara uku suna kwasar taɓo, dawakai suna tari a baya. Daga nan aka juya da su Falasɗinu, suka yi ta sukuwa har Sham. Da yaƙi ya ƙare aka watsa rundunar da takarda guda, aka sayar wa masu amalanke dawakan a Masar. Shi ya dawo da lambar girma da gona, da wani tsohon linzami da ke rataye a bangon barga, wanda ya hana kowa taɓawa.

Ƙarshen labarin kullum ɗaya ne: kwarin Urdun, inda ya tsare tudu shi kaɗai bayan wani matsoraci mai suna Jahan Dad ya gudu da dawakansu. In ya zo nan yakan tofar da yawu gefe, mu ma mu tofar. Matar Jahan Dad, tsohuwa Sattan, wadda ta biyo ɗan'uwanta nan tun ana yanka gonaki, tana bukkar ƙarshen gari tana manna kashin shanu a bango. Shekara arba'in da uku ba wanda ya kira ta da wani suna sai matar maguji.

To, a yammacin nan Muzaffar ya ce wa 'yarsa Naziran ta shiga ta kwashe tarkacen barga, gobe magina za su zo. Yarinya ce 'yar shekara sha biyar, mai dariya, mai saurin hannu. In tana tafa gurasa daga bayan katanga ma kana gane tafinta. Ta shiga tana waƙa, kakanta ya fara gyangyaɗi bai lura ba. Ladan ya ɗaga murya, waƙar ta tsaya.

Sai dutse ya faɗo a tsakar gida. Wani dutsen ya biyo shi. Aka yi shiru daidai faɗuwar na uku, amma bai faɗo ba. Sannan na huɗu ya sauka a gaban gadon Dafadar, har ƙura ta hau takalminsa.

Bakhtan, uwar yarinyar, ta miƙe za ta zagi 'ya'yan maƙwabta, sai zagin ya maƙale mata. Naziran ce tsaye a ƙofar barga, ta miƙe sak, ƙafafu a haɗe, idanu a buɗe ba sa kallon kowa. Hannunta na dama a dunƙule yake kan igiyar tsohon linzamin, ƙarfen yana jan ƙasa a bayanta.

"Ke Naziran," in ji uwar, "ajiye wannan abin."

Bakin yarinyar ya motsa, murya ta fito wadda ba tata ba, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Uku."

Bakin hukka ya suɓuce daga hannun Dafadar. Bai sunkuya ya ɗauka ba.

Tun daga ranar gidan ya rasa magariba. Da rana yarinyar takan kwanta kamar mai zazzaɓi, ta sha madara in an ɗura mata. Amma da inuwar darbejiya ta taɓa bangon barga sai ta miƙe ta je ƙofar ta tsaya, duwatsu su zubo, biyu, shiru, sannan ɗaya. Ana jin takun kofato a bargar da babu komai, da hucin dawakai, ba na guda ba. Ita kuwa kalma ɗaya take maimaitawa har duhu ya rufe, sannan ta zube.

Hannun ne abin tashin hankali. Muzaffar ya sa lauje ya yanke igiyar ta dama da hagu, ya bar guntun da ke cikin tafin. Maza biyu sun gwada buɗe yatsun da man ɗaci, ko gezau. Faratanta suka fara shiga nama, wuyan hannun ya kumbura ya yi shuɗi, wari ya fara fita. Aka kai ta Okara a keken doki, likita ya yi mata allurar barci, jikinta duka ya saki ban da hannun. Ya ce wa Muzaffar gaskiya: in kwana bakwai suka wuce bai buɗe ba, sai dai a datse shi, ko kuwa a rasa yarinyar gaba ɗaya.

Mutanen garinmu kuwa, Allah ya ba su saurin fassara. Uku, ai zakaru uku baƙaƙe aljanin da ya shige ta yake so, aka yanka. Tukunya uku ta shinkafa a ƙofar masallaci. Aka dafa, garin ya ci ya yi hamdala. Wata tsohuwa ta ce kwana uku zai yi ya tafi, ya yi biyar yana nan. Duk wannan hidima ba da Dafadar aka yi ta ba. Mutumin da ba a iya rufe masa baki ya koma ɗaki ya juya fuska bango, muka ce tausayin jika ne, har muna yi masa sannu.

A rana ta shida Muzaffar ya ɗauko Hafiz Nur Zaman daga hayin rafi. Ɗan siririn tsoho ne mai ido ɗaya, wanda ba ya ɗaga murya ko da aljani yake magana. Ya zo da la'asar, ya duba hannun, ya shiga barga ya daɗe, ya fito ya nemi tulu cike da ruwa da fitilar mai. Ya ce a fito da kowa na gidan tsakar gida.

"Abba Ji ba ya jin daɗi," in ji Muzaffar.

"A fito da shi da gadonsa," in ji Hafiz.

Rana ta yi ja, inuwa ta kai bango, yarinyar ta miƙe ta kama wurinta. Hafiz ya zana da'ira da wuƙa ya kewaye ta, ya zauna a gabanta ya fara karatu a hankali. Duwatsu suka zubo, bai ɗaga kai ba. Ya yi ta karatu har tsuntsayen darbejiya suka yi tsit, mu kuma muna leƙe ta kan katanga. Can ya tofa a fitilar, ya kai hayaƙin hancinta.

"Assalamu alaikum, bawan Allah. Wane ne kai?"

"Wa alaikumus salam. Uku."

"Na ji. Uku na me? Me za a ba ka guda uku?"

Aka yi wata irin dariya marar daɗi ta bakin yarinyar. "Kun yanka kaji, kun dafa shinkafa. Garin sojan doki guda, babu wanda ya tambayi sojan doki. Ga shi can a kwance. Dafadar, faɗa musu mene ne uku."

Idanu suka koma kan gadon igiya. Tsohon ya tashi zaune da kyar, ya yi magana yana kallon ƙasa.

"In an jeru, ana ƙirga huɗu-huɗu. In aka ce a sauka a yi faɗa a ƙasa, na ɗaya da na biyu da na huɗu su ke gaba. Na uku shi ke riƙe dawakan duka huɗun."

"Yaushe yake saki?" in ji muryar.

"Ba ya saki. Sai dafadar ɗinsa ya dawo ya karɓa, ko ya ce masa saki."

"Wane ne na ukunka a kwarin Urdun?"

Dafadar ya kau da kai. Hafiz ya juya masa idonsa guda, ya jira, sannan ya koma ga yarinyar. "Kai faɗa mana. Amma ka ji tsoron Allah, kada ka ƙara ko kalma."

"Ni ba ɗan ƙasarku ba ne," in ji aljanin. "Gidana wata busasshiyar rijiya ce a wancan kwarin. Wata rana da azahar mutum huɗu suka sauka a bakinta. Wannan ya miƙa wa wani saurayi linzami ya ce, Jahan Dad, riƙe, kada ka saki sai na dawo. Suka hau tudu. Igwa ta fara. Na ɗaya ya mutu, na biyu ya mutu. Aka busa ƙahon ja da baya. Tsakanin tudun da rijiyata fili ne, taku ɗari biyu, harsashi yana zuba. Wannan ya dubi filin, ya dubi ciyayin bakin kogi, ya bi ciyayin. Ko ihu bai yi masa ba, alhali iska tana kaɗawa ta wajenmu."

Bakhtan ta toshe bakinta da mayafi. Muryar ta ci gaba, ba ta sauri, ba ta fushi.

"Saurayin ya ga kowa yana tafiya. Doki huɗu ne a hannunsa, da ya hau ɗaya ya tsira. Ya tsaya. Ƙarfe ya same shi a ciki wajen la'asar, ya zauna ya jingina da rijiyata, bai saki ba. Da rana za ta faɗi ya gan ni, don mai mutuwa yana gani. Bai ji tsoro ba. Ya ce, ɗan'uwa, ko kai wane ne, riƙe mini, dafadar yana zuwa. Na karɓa. Na binne shi da yashi, na ja dawakan kwana biyu har sansaninku. Na iske wannan ya riga ya ce wa Bature na uku ya gudu."

Muzaffar ya dubi ubansa. "Abba Ji, ƙarya yake, ko? Aljani ne, ƙarya yake."

Tsohon bai ɗago ba.

"Ya bar linzamin a Masar," in ji aljanin, "ya buɗe akwatinsa a Karaci ya gan shi. Ya ɗauke shi da sanda ya jefa a rafinku, ya wayi gari yana rataye a bango. Shekara arba'in da uku yana shigowa barga safe da yamma, yana wucewa ta gabana, bai miƙo hannu ba. Na yi haƙuri, tunda akwai doki a turke ina riƙe da wani abu. Kun cire dokin, za ku rushe bangon. Wannan yarinya ita ta miƙo hannu."

"Ba ta san komai ba," in ji Hafiz. "Zalunci kake yi, kuma ka sani. Ka sake ta, ko in ƙona ka da abin da ka ji ina karantawa."

"Ƙona ni. Hannun zai rage a rufe, don babu wanda ya karɓa."

"To ajiye shi a ƙasa ka koma rijiyarka. Ni na ɗauke maka nauyin."

"Ba a ajiye linzami a ƙasa, Hafiz Ji. Kai ma ba ka cikin huɗun."

Muzaffar ya zube a bakin da'irar ya miƙa hannuwansa biyu. "Ga nawa. Ɗauki wanda kake so, ka bar mini 'yata."

"Ba ka cikin huɗun. Saura mutum ɗaya a duniya."

Hafiz ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Faɗi sharaɗinka, in faɗi nawa."

"A kira matar Jahan Dad. Wannan tsohon ya faɗa da bakinsa a gabanta. Sannan ya zo ya karɓa."

"Nawa kuma," in ji Hafiz, "in ya karɓa ka bar yarinyar, ka bar gidan, ka bar garin, ba kai ba zuriyarsu har abada. Ka fasa tulun nan mu san ka fita."

"Na yi alkawari da Wanda ya halicce ni da ku."

"Shi kuma tsohon, wa zai sallame shi?" in ji Hafiz.

"Mai haƙƙin ya tafi. Matarsa tana nan. Kalma ɗaya ce, ta ce masa saki, in ta ga dama."

Bakhtan ce ta ruga da kanta, ba takalmi. Ta dawo riƙe da tsohuwa Sattan, ƙanƙanuwa, ta ranƙwafa, kashin shanu bai bushe a hannunta ba. Ba ta taɓa taka gidan nan ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa, don ta saba ba a ce mata ta ƙaraso.

Na ga Dafadar a lokacin, kuma ba zan ce na ji tausayinsa ba. Ya dubi katanga cike da kawunanmu, mu da muka yi shekaru muna tofar da yawu tare da shi. Ya dubi hannun jikarsa, wanda ruwa ke ɗiga daga tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana auna su biyun, daɗewar da har yau Muzaffar bai yafe masa ba. Sannan ya miƙe ba sanda, ya tako har gaban tsohuwar.

"Sattan," ya ce, "Jahan Dad bai gudu ba. Ni na gudu. Ya mutu yana jirana."

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta kauce masa kamar yadda ake kauce wa turmi a hanya, ta nufi yarinyar, ta tsaya a bakin da'irar.

"Kai kana wurin?"

"Ina wurin, uwa."

"Ya sha ruwa?"

"Gorarsa ta ƙare tun azahar. Ya ba dawakai."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Haka yake," ta ce. "Haka yake yi."

Dafadar ya shiga da'irar. Ya haɗa ƙafafu kamar yadda aka koya masa shekara hamsin da suka wuce, ya miƙa hannun dama a ƙarƙashin na jikarsa, ya ce da wata murya da ba mu taɓa ji a bakinsa ba, "Na uku, na dawo. Kawo."

Yatsun Naziran suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Guntun fatar ya faɗo baƙi ƙirin da jini a tafin tsohon, hannunsa ya rufe a kai, har muka ji ƙarar gaɓoɓin. Tulu ya fashe, ruwa ya malale tsakar gida. Aka ji takun dawakai sun fita ta ƙofar gida a jere, ba gudu, har sautin ya ɓace ta wajen rafi. Yarinyar ta zube a jikin uwarta tana kuka da muryarta, tana cewa hannunta yana zafi, uwar tana dariya tana kuka tana sumbatar hannun.

Hafiz ya goge wuƙarsa, ya juya ga tsohuwar. "Uwa, kin ji abin da aka ce. Kalma ɗaya ce. Allah yana son mai yafiya."

Sattan ta dubi Dafadar yana tsaye da dunƙulallen hannu, gumi yana bin gemunsa. Ta dubi gidan, da rumbunan alkama, da ɓaunaye shida a ɗaure. Ta goge hannunta a gefen zane.

"Yanzu fa ya karɓa, Hafiz Ji," ta ce. "Bari ya ɗan riƙe tukuna."

Ta juya ta tafi, muka buɗe mata hanya, wani ma ya ce sannu Masi, wato inna, abin da ba a taɓa ce mata ba.

Hannun Naziran ya warke, sai tabon farce huɗu a tafin, kuma ta koma bakin tanderu kafin girbin auduga. Duwatsu ba su sake faɗowa ba. Muzaffar bai rushe bargar ba, don kullum inuwa ta kai bango sai tsohon ya tashi ya je ƙofarta ya tsaya, ƙafafu a haɗe, ba ya kallon kowa. Nasa hannun bai kumbura ba, bai ruɓe ba, bai kuma buɗe ba. Da hagu yake cin abinci, da hagu yake gaisawa, in an sami mai miƙo masa hannu.

Sau uku Bakhtan tana zuwa bukkar ƙarshen gari da man shanu da alkama. Tsohuwar takan karɓa ta yi godiya, ta ce tana nan tafe. Wasu sun ce da gaske ta yi niyya, har ta wanke mayafinta. Allah ne ya sani. Sanyin shekarar ya zo da ƙarfi, aka wayi gari ba hayaƙi a bukkarta.

Da aka dawo daga binne ta, Muzaffar ya iske ubansa a ƙofar barga tun kafin inuwa ta kai. Ya faɗa masa. Tsohon ya tambaya ko ta bar wani saƙo.

"Babu, Abba Ji."

Ya ƙara shekara huɗu. Ranar da ya rasu masu wanka suka yi iya ƙoƙarinsu su buɗe hannun da ruwan ɗumi, suka gaji, suka aika a tambayi Hafiz Nur Zaman yadda za a yi. Ya ce su zuba ruwan ta sama, su sa shi a likkafani haka nan.